Tsamiyar Baba Idrisu da Kaskonta

Ina cikin ban ruwa a gidan furannin da muke aiki, bayan la'asar, wayar Khalid ta shigo: mahaifinsa, Baba Idrisu, ya cika a asibiti. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar tiyo yana zuba, na zauna a ƙasa.

Baba Idrisu Bahaushen Sudan ne, ya tsufa a unguwar Ruwais ta Jidda. Shi ya karɓe ni lokacin da na zo Jidda daga Zariya, ban san komai a Larabcin kasuwa ba. Idan kafili, wato maigidan da muke wa aiki, ya daka mini tsawa, sai Baba ya bari ya wuce, ya miƙo mini shayi. Ban taɓa ganin ya fizgi ganye da ƙarfi ba. Yakan ce shuka ma tana jin hannun mai haushi.

A saman soron gidansa yana da wata tsamiya da ba ta wuce kamu biyu ba, alhali ta girmi Khalid. Irin renon bishiyar nan ne na mutanen Japan, da suke kira bonsai: a riƙa datse saiwa da reshe har bishiya ta tsufa tana ƙarama. Kaskon da take ciki kuwa, wani injiniya ɗan Japan da Baba ya yi wa aikin lambu ne ya ba shi da zai koma gida. Kasko ne mai faɗi, marar zurfi, launin ƙasa, ba fenti ba ƙyalli, da 'yan ƙafafu da huda a gindi don ruwa ya fita. Da hannu aka gina shi.

Ranar da ya fara nuna mini, ya kama ɗan yatsana ya kai shi can cikin leɓen kaskon, inda akwai wata 'yar loɓa. "Ka ji? Babban yatsan maginin ne. Haka innata take barin nata a tukwanenta." Mahaifiyarsa maginiyar tukwane ce a ƙauyensu na bakin Nilu. Ya ce bai san sunan mutumin Japan ɗin da ya gina kaskon ba, amma ya san bai yi gaggawa ba. Da ciwo ya kwantar da shi, abu ɗaya ya roƙe ni: kada in bari tsamiyar nan ta mutu.

To, ga abin da ya hana ni barci. Kashegarin jana'iza na je zaman makoki, an jera kujeru a ƙofar gida, ana zagayawa da gahawa da dabino. Ina zama sai idona ya faɗa kan wani abu mai ruwan zinariya a tsakiyar mutane. Kaskon Baba ne! An fesa masa fentin gwangwani, an toshe hudar da siminti, an zuba garwashi da turare. Da wutar ta mutu, sai manyan mutane masu furfura suka mai da shi matofa. Wannan ya tofa ƙwallon dabino, wancan ya murje guntun sigari, wani ya kakaro majina ya zuba. Mutanen da suka zo yi wa Baba addu'a ke nan.

Na ja Khalid gefe na tambaye shi ina tsamiyar. Ya ce ya ga kaskon ya yi muni a gaban baƙi, shi ya sa ya gyara shi, ita kuwa bishiyar ai tun yana yaro ta ƙi girma. "Khalas ya akhi, a bar maganar ɗan'uwa, ciyawa ce kawai." Kai, da ba gawar ubansa ce ta tara mu ba, da na faɗa masa abin da ba zai manta ba.

A bolar bayan gida na sami tsamiyar, ƙarƙashin ragowar shinkafa da ƙashin kaza, saiwarta a rana tun safe. Mai ɗakin Baba, Inna Hauwa, ba ta san an yi ba. Da ta ji, ta rufe fuska da mayafi ta ce in ɗauke su duka, da tsamiyar da kaskon. Na wanke ƙazantar da hannuna, na fasa simintin, na kankare fentin iyakar iyawata. Loɓar yatsan tana nan. Na mayar da tsamiyar, na sa ta a inuwa.

Ganyenta ya zube duka. Jiya na karce bawon da farce, ban ga kore ba. Amma da asuba na sake ba ta ruwa, don Baba bai ce in daina ba.

Allah ya jiƙan Baba Idrisu, ya haskaka makwancinsa, ya sa shi a inuwar bishiyoyin Aljanna. Allah ya ba Inna Hauwa haƙuri, ya albarkaci bayansa. Khalid kuma, Allah ya ba ni ikon yafe masa, don har yau ban iya ba.