Mamuda na Roni, Wanda Lasifika Ta Kira Sau Ɗaya

Shekara ashirin da bakwai, duk ranar da ake da biki, Malam Mamuda na Roni ba ya jiran rana ta yi zafi. Da ya dawo daga masallaci ya sha kokonsa, sai ya jawo akwatin nan daga ƙuryar zaure, ya goge shi da tsumma, ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya da yatsa ko ɓera ya taɓa su. Akwatin amfilifaya ne, wato abin da ake jona wa jita don sautinta ya fito. Na katako ne irin na da, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, ga batirin mota da ke ba shi wuta. Ƙarti biyu kan ɗaga shi suna nishi. Mamuda shi kaɗai yake rungumarsa ya aza a bayan babur, ya ɗaure da roba, ya ce wa matarsa Kaltume, "Sai Allah ya dawo da mu."

Jitar ba tasa ba ce. Ta Zaharadeen Mai Jita ce, wanda duk mai zuwa suna ko biki a ƙauyukan Roni, Gwiwa, 'Yankwashi har zuwa Babura ya san muryarsa. Ba mutanen babban dandali ba ne. Wajen wasansu tsakar gida ne, ko ƙofar gida, ko ajin firamare ranar da ake sallamar wani malami. Mutum arba'in, hamsin, bayan la'asar zuwa dab da magariba.

Zaharadeen gwanin kiran suna ne, wannan ban hana shi ba. Yakan kira uwar amarya, ya kira kansila, ya kira mai shayin bakin tasha in ya liƙa masa abu a goshi. Na taɓa jin ya wasa direban da ya kawo kujeru. Amma mutumin da ya ɗauko akwatin da duk waɗannan sunaye ke fita ta cikinsa, ko sau ɗaya bai taɓa ambatonsa ba. Abin da jama'a suka sani na Mamuda kalma biyu ce, wadda yake faɗa a makirufo kafin a fara: "Gwaji, gwaji." Da ita suka raɗa masa suna. Ƙananan hukumomi huɗu, kowa "Gwaji-gwaji ya iso," babu wanda ya taɓa tambayar sunan da ubansa ya yanka masa rago da shi.

Mutane sun ɗauka ɗan dako ne kawai. To ku ji abin da ɗan dakon nan yake yi. Yana isa gidan biki awa biyu kafin mai jita. Ba ya kwance akwatin sai ya shiga tsakar gida ya tafa hannu sau ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Ya ce katangar ƙasa shanye sauti take yi, ta siminti kuma maido shi take yi, rufin kwano kuwa ƙara masa kaushi yake. Daga tafin nan yake sanin inda zai kifa turmi ya ɗora akwatin. Sannan sai ya fita ya zagaya gidan, ya yi sallama a ƙofar dama, da ta hagu, da ta gidan da ke baya. Tambayarsa ba ta canzawa: "Akwai mara lafiya? Akwai mai jego? An yi rashi kwanan nan?" Duk inda aka ce masa e, sai ya juya wa gidan bayan akwatin, ya rage murya. Kuma ba a taɓa jin jitar Zaharadeen ta haɗu da kiran salla ba, domin Mamuda inuwar katanga yake kallo, kafin ladan ya gyara murya ya riga ya murɗe maɓalli.

Hajiya Ikilima ta wani ƙauye kusa da Gwiwa, wadda ta aurar da 'ya'ya biyar da jitar nan, ita ta ba ni labarin wata damina da rafi ya kawo ya datse hanya. Ta ce sun riga sun fid da rai. Sai ga mutum ya ɓullo daga cikin gero, akwati a ka, ruwa ya jiƙa shi har ƙirji, ya bar babur a wancan ƙetaren. Ya sauke, ya koma ya ɗauko batirin. "Da mai jitar ya iso da yamma cikin farar shaddarsa," in ji ta, "shi muka yi wa guɗa. Wallahi ɗana, har ni. Shi kuwa bawan Allahn nan ko fura ban tuna na ce a ba shi ba."

Kai ne wannan, Mamuda. Kai ne ka tsallake rafi, wani ya karɓi guɗa. Na Kaltume, mai kunnen da ba a saya a kasuwa.

Baya dai ba ƙarfe ba ne. Bara waccan, wata safiya ya sunkuya zai rungumi akwatin, ya kasa miƙewa. Kaltume ta same shi durƙushe a zaure yana zufa, ya riƙe katakon da hannu biyu. A asibiti a Kazaure likita ya duba hoton bayan, ya dube shi, ya ce daga yau kada ya ƙara ɗaga abin da ya fi bokitin ruwa, in yana son ya ci gaba da tafiya da ƙafafunsa.

Mamuda da kansa ya kai wa Zaharadeen shawara, ya ce yanzu akwai amfilifaya marasa nauyi, masu batiri a cikinsu. Zaharadeen ya ce, "Yaya Mamuda, ai kai ka san kan abin. Je ka Kano ka zaɓo mana."

A shagon kayan sauti mai shago ya fito masa da guda biyu. Ɗaya babba ne, mai taya da hannun ja, maɓallai sun fi goma a gabansa. Ɗayan ɗan ƙarami, bai kai nauyin galan ɗin mai ba, maɓalli uku, da maratayi na kafaɗa. Mamuda bai tsaya kallon kyau ba. Ya sa aka fitar da su lungun bayan shagon inda katanga ta matse, ya ce mai shago ya jona jita ya riƙa kaɗawa, shi kuma ya taka taku arba'in ya tsaya ya juya baya. Babban yana da ƙarfi, amma na fili ne, a matsatsin wuri gurnaninsa cinye jitar yake yi, ga tayar da ba za ta yi taku uku a yashin Babura ba. Ƙaramin kuwa kowace tsirkiya tana fita tas.

Mai shagon ya riga ya ji labarin ciwon bayan Mamuda, kuma ɗan kasuwa ne mai ido. Ya rage murya ya ce, "Baba, in ni ne kai, mai tayar nan zan ɗauka. Ba ɗagawa, ja kawai. Kuma maɓallan nan in ba kai ba wa zai iya musu? Ƙaramin nan fa kowa ma sai ya rataya ya kunna. In ka kai wa mai jitar shi, kai me za ka riƙe?"

Mamuda ya fahimta sarai, ba yaro ba ne. Ya dubi mai tayar ya daɗe. Sannan ya ce, "An aiko ni in zaɓo wanda ya fi dacewa da jitar. Ba a aiko ni in zaɓo wanda ya fi dacewa da ni ba. Naɗe mini ƙaramin."

Da ya dawo Roni, Kaltume ta ɗaga shi da hannu ɗaya, ta ajiye, ta zuba wa mijinta ido. Ta ce, "Malam, da hannunka ka sayo wanda zai gaje ka." Ya ce, "Haba Kaltume, shekara nawa muna tare da mutumin nan?" Ta ce, "Ni ma su nake dubawa."

Biki uku suka yi tare da sabon akwatin. A na huɗu Zaharadeen ya biyo da safe a kan babur ɗinsa, ya rataya abin a kafaɗa, ya ce, "Yaya Mamuda, yau ka huta, saboda bayan nan naka." A na biyar waya ya yi. A na shida ko wayar babu. Ba a kore shi ba, kun gane, ai mu ba ma korar mutum. Hutar da shi muke yi, mu bar shi yana hutawa har ya gane da kansa. Tsohon akwatin kuma aka ce ya riƙe, kyauta. Abin da ya karya masa baya, shi ne sallamarsa.

Da a nan labarin ya tsaya, da na haɗiye fushina na yi shiru. Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ya faru wata huɗu bayan haka, a gidan Hajiya Ikilimar nan, ranar sunan jikanta.

Gidan da ke bayan nata, na wani dattijo Malam Haladu, an yi rashi kwana uku da suka wuce, 'yarsa ce ta rasu. Ƙofarsu ta wani lungu take, amma katanga ɗaya ce ta raba su. Hajiya ta so ta fasa kiɗan, mata suka roƙe ta, ta yarda bisa sharaɗin a yi a hankali, iya tsakar gida. Ta gaya wa Zaharadeen haka tun a zaure. Ya ce to. Bai tambayi ta wane gefe gidan rasuwar yake ba, domin shekara ashirin da bakwai bai taɓa sanin ana tambaya ba. Ya ga mata sun cika wuri, ya rasa inda zai ajiye abin, sai ya ɗaga shi da hannu ɗaya ya ɗora a kan katangar baya. Tsohon akwatin ko ƙarti huɗu ba su isa su kai shi can ba. Da ya ji sautin bai cika tsakar gidan ba, tunda sama yake tashi, sai ya murɗe maɓallin har ƙarshe.

A ƙofar Malam Haladu maza na zaune a kan tabarmi ana addu'ar uku, sai jita ta faɗo musu a ka, da kirarin mai jego.

Suka taso suka zagayo. Hajiya ta ce ba ta taɓa jin kunya irin ta ranar ba, ta so ƙasa ta tsage. Zaharadeen ya ga fuskokin mutane, ya sha jinin jikinsa, ya manta makirufo na bakinsa a kunne. Unguwa biyu suka ji shi: "Wallahi ba laifina ba ne! Mamuda ne ya zaɓo wannan abin, ba shi da saiti! Mamuda na Roni, shi ya cuce ni!"

Shi ke nan. Ranar da sunan Mamuda ya fara fita ta lasifika ke nan, kuma bai ƙara ba.

Labari ya iso Roni ranar kasuwar Gwiwa. Kaltume ta yi kuka don takaici, ta ce sai ta je ta sami Zaharadeen har gida. Washegari Mamuda ya ɗaure bayansa da ɗamarar da likita ya ba shi, ya hau acaɓa, kowane rami yana cije leɓe, har ƙofar Malam Haladu. Ya yi sallama, ya durƙusa da ƙyar, ya yi gaisuwa. Sannan ya ce, "Baba, ni ne Mamudan da aka ambata. Na zo in ba da haƙuri."

Dattijon ya ƙura masa ido. Ya ce, "Kai? Ai kai ne Gwaji-gwaji. Ba kai ne ka yi sallama a ƙofar nan shekarun baya ba, lokacin da mai ɗakina ke kwance, ka tambaya ko akwai mara lafiya? Ranar har aka gama bikin ba ta farka daga barci ba." Ya girgiza kai. "Ashe sunanka ke nan. Mu da muke ta tsine wa Mamuda tun shekaranjiya."

Mamuda ya ce, "Akwatin ba shi da laifi, Baba. Ni na zaɓo shi, kuma da za a sake aikena shi zan ɗauko. Laifina ɗaya, ban taɓa gaya wa mai jitar cewa ina zagayawa ba."

Kun ji fa. Har a nan ma nema yake ya ɗauke wa wani kaya. Ni dai ban yarda ba, Mamuda, ba ka da laifin komai. Wanda ya yi shekara ashirin da bakwai yana tarar da wuri a gyare, bai taɓa tambayar wa ya gyara ba, shi ne mai laifi. Mu ma da muka sha kiɗa muka watse, muna da namu kason.

Zaharadeen yana nan yana wasansa, an manta, ana ta gayyatarsa. Har yau bai taka zauren Mamuda ba. Mamuda kuwa ya kafa ɗan tebur a ƙofar gida yana gyaran rediyo da tocila, aikin da ake yi a zaune. Tsohon akwatin na nan a ƙuryar zaure inda ya durƙusar da Mamuda, ba mai iya matsar da shi, Kaltume na kife kwanuka a kai. Kwanan baya na raka su barka wani gida a nan Roni. Muna shiga tsakar gidan sai na ji tafi sau ɗaya. Na waiwaya, na gan shi ya karkata kai yana saurare. Kaltume ta ce a hankali, "Malam, babu akwati fa." Ya ce, "Na sani."

Mun gode, Mamuda. Marasa lafiyan da suka yi barcinsu ba su san da kai ba sun gode, masu jegon da jariransu ba su firgita ba sun gode. Allah ya ba ka lafiyar bayan nan, ya saka maka da abin da mu muka kasa. Matasan da ke rataye da ƙananan akwatuna yanzu, nauyin ya ragu muku, to ku yi amfani da ƙafafun ku zagaya ku yi sallama a ƙofar maƙwabta kafin ku kunna. Ku kuma masu riƙe da makirufo, ku waiga ku ga wa ke tsaye a bayanku, ku kira shi tun kafin ranar da za ku buƙaci wanda za ku shafa wa kashin kaji.

Sunansa Mamuda. Mamuda ɗan Malam Jalaluddeen, na Roni. Wannan karon kada a rage murya, kuma a juya ta kowane gefe.