Kujerar Baba a Majalisa

Har yau in na ji an ja kujerar ƙarfe a kan siminti, ƙarar nan mai sa haƙori tsami, sai in ga kaina a ɗakin taron meri, wato ofishin magajin garin Matameye, ina 'yar shekara goma, na maƙale a jikin Inna. Wataƙila kai ba ka taɓa leƙa zaman majalisar ƙaramar hukuma ba. Ni ma ruwa ne ya kai ni.

Unguwarmu tana can bakin gari, kuma a lokacin ba mu da famfo. Mu 'yan mata mu ke jigilar ruwa da bido a ka tun safe, wuya ya ƙage, mu isa lakwal, makarantar boko, a makare malam ya tare mu da harara. Da aka zaɓi Baba kansila, matan unguwa sun yi guɗa kamar a ranar ruwan zai ɓullo. Sai dai kansila ma sai ya ci abinci. Ana gama girbin gero Baba ya kama hanyar Kano cin rani, inda yake da teburin shayi.

Ana tsakiyar bazara takarda ta zo. Majalisa za ta zauna a kan famfo guda da aka samu, ko a haƙa a unguwarmu ko a bakin tasha, kuma masu haƙar za su tashi kafin damina. Kaka, mahaifin Baba, ya sa aka karanta masa. Bai yi shawara da kowa ba, ba halinsa ba ne. Ranar zaman ya zuba babbar riga ya yi gaba, mata da yara muka bi bayansa, tunda ba a hana kowa shiga kallo.

Yana shiga ya tambayi kujerar ɗansa, ya ja ta ƙiii, ya zauna. Sakatare yana kiran suna, ashe ba Baba kaɗai ke Nijeriya ba. Doka ta ce sai fiye da rabin kansiloli sun hallara kafin a yanke magana, ga shi saura mutum ɗaya. Da aka kira sunan Baba, Kaka ya amsa da ƙarfi. Magajin gari, wanda a haife Kaka ya haife shi, ya taso ya rusuna a gabansa.

"Baba, a yi mana haƙuri. Kujerar nan ta wanda aka jefa wa ƙuri'a ce."

"Kai yaro," in ji Kaka, "ni na karɓa masa aure ba ya nan. Ni na raɗa wa 'ya'yansa suna yana Kano. Yau ɗaga hannu ne ya fi ƙarfina?"

Kowa ya sunkuyar da kai yana ɓoye dariya, ni kuwa kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka ɗaga zaman zuwa gata, aka buga wa Baba waya.

Daga tasha Baba ya wuce meri, jakarsa a kafaɗa. Yana shiga ya hango Kaka a kan bencin 'yan kallo, ya harɗe hannu, ya zo ganin wannan ɗaga hannun da aka ce ya gagare shi. To, a gidanmu ɗa ba ya hawa kujera ubansa na wurin, ba ya kuma ɗaga murya. Baba ya tuɓe takalmi ya tsuguna a gefen kujerarsa. Kansilan da ke son tasha ya miƙe ya yi ta zuba, kuma gaskiya maganarsa da ma'ana, matafiya ma suna jin ƙishirwa. Da aka ba Baba dama, kansa a ƙasa, abin da ya faɗa ko sakatare bai ji ba balle ya rubuta. Inna ta matse mini hannu har ya yi zafi. Na tsorata ƙwarai, na ga ruwanmu yana tafiya tasha.

Kaka ya daɗe yana kallon Baba. Can ya dogara sandarsa ya miƙe.

"Ɗakin nan naku zafi gare shi," ya ce, ya fice.

Baba ya tashi tsaye. Ban taɓa sanin yana da murya haka ba. Ya faɗi nisan rijiyar, ya faɗi 'yan matan da aka cire daga lakwal saboda ɗebo ruwa, ya nuna bencinmu ya ce a dubi wuyanmu. Aka ɗaga hannu, sakatare ya ƙirga, ya sake ƙirgawa. Unguwarmu ta samu.

Tsarin ya sha canji tun daga lokacin, Kaka ya rasu, Baba ya daina zuwa Kano. 'Ya'yana mata suna zaune a kujera suke ba ubansu amsa, ban kuma ga laifinsu ba, ina jin daɗin yadda suke da baki. Famfon yana nan, ya sha gyara, da ruwansa na yi wankan jegonsu.

Sai da na girma, na koma meri karɓar takardar haihuwar 'yar farina, na lura babu ko bishiya ɗaya a ƙofar ɗakin nan. A cikin ranar bazara tsohon ya tsaya, nesa da taga yadda ɗansa ba zai hango shi ba, har aka gama ƙirga hannu.