Yatsu Biyu na Hannun Wongani

Shekara talatin da ɗaya Wongani Gondwe ya yi yana ɗaukar fasinja a bayan keke a garin Mzuzu. Babu kalar kayan da bai ɗauka ba: 'yan kasuwa, buhunan gawayi, mata masu naƙuda, har wani fasto mai teɓa da ya sa shi tsayawa sau huɗu kafin su kai coci. Mutum ne siriri, marar yawan magana, wanda ba ya barin kekensa ya kwana da laka. Da wannan keken ya ciyar da 'ya'ya huɗu har suka kama gabansu.

Yana da shekara hamsin da takwas babbar 'yarsa Temwa ta haihu a Zomba, can kudu, kusan kilomita ɗari shida daga gida. Ta bugo waya ta ce ya hau bas ya zo ya ga jikansa. Ya ce zai zo, amma a kan keke.

Matarsa NyaMhango ta ajiye muciya ta dube shi. "Baban Temwa, lafiyarka kuwa?"

"Lafiya lau. Tun ina saurayi nake kai mutane inda suke so. Sau ɗaya dai bari in kai kaina inda nake so."

Ya ba kansa wata uku na shiri. Abokinsa Chavula, mai gyaran keke a gindin mangwaron tasha, ya canza masa tayoyi da sarƙa da robar birki, ya yi wa kariyar ɗaukar kaya ta baya walda, ya ƙera wata ƙarama a gaba. NyaMhango, duk da mitar da take yi, ita ta ɗinka masa jakunkuna huɗu da tsohon tamfol. Kullum da safe sai ya cika su da yashi, ya taka keken zuwa Ekwendeni ya dawo. Ran Asabar kuwa ya gangara Nkhata Bay, bakin tafki, ya hayo wani dogon hawa da ko direbobin lori suke jin tsoronsa. Abokan sana'arsa suka sa masa suna Mai Yashi.

"Mai Yashi, yau wa ka ɗauko? Ya biya kuwa?"

Sai ya yi murmushi ya wuce.

A mako na bakwai abin ya fara. Ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi suka mutu, kamar ba nasa ba. Ya yarfe hannun, ya murza, a banza. Bayan kwana uku ya kasa ɓalle maɓallin rigarsa. Nan tsoro ya kama shi, domin mahaifinsa ma da hannun hagu ya fara, kafin ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekara shida a kan tabarma ana juya shi. Wongani ne yake yi masa wanka a lokacin, ya san kowane mataki na wannan ciwo.

Bai gaya wa kowa ba. Ya ci gaba da fita da yashinsa, amma da ya bar gari sai ya jingine keken, ya zauna a ƙarƙashin itace yana kallon hannunsa. Abinci ya daina shiga. Ranar da kofin shayi ya suɓuce masa ya fashe, NyaMhango ta kama hannun ta riƙe.

"Tun yaushe?"

"Ba komai ba ne."

"Ban tambaye ka ko komai ne ba. Tun yaushe?"

"Kwana goma sha biyu."

Ta ɗaura zane, ta tasa shi gaba zuwa asibitin unguwarsu.

Likitar, wata mace mai gilashi, ta auna jininsa. Ta sa shi ya yi murmushi, ya ɗaga hannaye biyu, ya taka a kan layi. Ta tsikari yatsunsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta danna gindin tafin hannunsa, ya zabura.

"Baba, wace sana'a kake yi?"

NyaMhango ta riga shi amsawa. "Dakon yashi. Kyauta."

Da aka yi mata bayani, likitar ta yi dariya har ta cire gilashinta. Ta ce jininsa ya fi nata kyau. Akwai jijiyar da ta bi ta gindin tafin hannu zuwa waɗannan yatsu biyu, kuma ita yake dannewa a kan ƙarfen keke na tsawon sa'o'i, ga nauyin kaya a gaba. Ya huta mako biyu, ya gyara zamansa a kan keken, yatsun za su farfaɗo.

"Ba shanyewar jiki ba ce ke nan?" Wongani ya tambaya.

"Ko kusa, Baba."

Suka fito. Ya zauna a kan dakalin asibitin, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa na girgiza. Matarsa ta zauna kusa da shi, ta bar shi ya gama. Daga nan ya ce yunwa yake ji. A wata rumfa da ke tsallaken titi ya cinye malmalar tuwon masara uku da ƙananan kifi, har mai abincin ta leƙo ta ga ko su nawa ne.

Chavula da ya ji labarin ya tafa hannu. "Kai tsoho! Mako biyu kana shirin kabari, ashe aikin sufana ne!" Ya ɗaga kan keken sama, ya ɗan sauke sirdin, ya naɗe mariƙin da soso da tsohuwar robar taya. Ya kuma sa aka mayar da kaya masu nauyi baya: tukunya, garin masara, kayan faci da famfo. A gaba bargo kawai ya bari da gidan sauro.

Yatsun suka dawo a hankali, ƙaramin ne ya fi daɗewa. Ya jinkirta tafiyar da wata guda, Temwa ta ce ai jariri ba gudu zai yi ba.

Ya tashi wata Litinin a watan Yuni, ya bi hanyar bakin tafki, yana kwana a harabar coci da gidajen mutanen kirki. A rana ta goma sha ɗaya ya shiga Zomba, ya yi baƙi, ya rame, wandonsa na neman faɗuwa. Temwa ta fito da gudu tana kuka tana yi masa faɗa. Ta hana shi taɓa yaron sai da ya yi wanka sau biyu. Sannan aka miƙa masa jikan, ya zauna da shi a baranda har aka kira su cin abinci.