Iklima ta zo Yamai neman littafi

Iklima, matar Nassirou tela, ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. Karatunta na yaƙi da jahilci ne, a Maradi, da Hausa zalla, kuma tun da ta iya haɗa baƙi littafi bai sake hutawa a hannunta ba. Irin na labaran nan da ake bugowa a Kano take saye a kasuwa, ta tara matan unguwa bayan la'asar tana karanta musu, har sai da ta cika buhun shinkafa da littattafan.

Da Nassirou ya samu shago a unguwar Bukoki ta Yamai ya ce ta taho, ba kogi take ɗokin gani ba, ba gada ba. Ta ji an ce a Yamai akwai shagunan da ba a sayar da komai sai littafi, akwai kuma gidan da za ka zauna ka karanta har ka gaji. Sai ta ga ɗauko buhunta ma ƙauyanci ne. Ta bar wa ƙawarta Rahama shi gaba ɗaya, ta yi wa matan alkawarin duk motar da za ta tashi zuwa Maradi da sabon littafi a cikinta.

Ni ce maƙwabciyarta a Bukoki, ni kuma na raka ta. Ko labule ba ta gama ratayewa ba ta sa ni gaba. Ta ci kwalliya kamar mai zuwa suna, ta ɗauko jaka babba, wai ta zubo kaya.

Shagon farko da muka shiga, sai da ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Lahaula!" Littattafai ne tun daga ƙasa har rufi. Ta jawo ɗaya ta buɗe, ta mayar. Ta jawo wani. Na ga bakinta yana motsi, tana son haɗa baƙaƙen, sun ƙi haɗuwa.

"Malam, ina wajen na Hausa?" ta tambayi mai shagon.

Ya dube ta ta saman tabarau. "Madam, nan sai Faransanci. Da kaye na rubutu da alƙalamin biki na 'yan lakwal."

"A'a, na labari nike nuhi."

"Na ji ki. Babu."

Ta juyo ta kalle ni kamar ni na ɓoye su. Muka shiga na biyu, muka shiga na uku. A gidan karatun ma matar da ke tsaro ta yi kirki, ta duba ta sake dubawa, ta fito mata da wani ɗan ƙaramin littafin koyon baƙaƙe, irin wanda Iklima ta gama da shi tun tana amarya. Wallahi ni kaina abin ya girgiza ni. Na tsufa a garin nan, da Hausa nake cefane, da ita nake faɗa da mai taksi, ban taɓa lura ba.

Wani mai gadi ne ya ce mu gwada bakin tashar motocin Maradi. Can muka tarar da wani tsoho ya baza littattafai a tabarma, rana ta cinye bangonsu. Iklima ta durƙusa da sauri tana juya su, sai na ga ta ajiye su ɗaya bayan ɗaya. Duk ta karanta su, matan unguwarsu ma sun ji su.

"Baba, daga ina ake kawo maka?"

"Daga Maradi mana, ɗiyata. In direba ya tuna."

Tana durƙushe a wurin wayarta ta yi ƙara. Rahama ce, muryarta har ni ina ji, ga hayaniyar mata a bayanta.

"Ke Iklima, ga mu duk mun taru! Tsohin littattahan nan mun rarraba ma matan ƙauye, tun da sabbi na tahe. Wace mota za mu tara?"

Iklima ta miƙe tsaye. Jakar tana rataye a kafaɗarta, babu ko takarda a ciki.

"Rahama, babu."

"Mi ne ne babu?"

"Littahin. Ko guda."



"A Yamai?" in ji Rahama.

"A Yamai."