Ranar da Aka Maƙala wa Ƙanena Fukafukai

A shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula ne ƙanena ya gama koyon tuƙin jirgin sojan sama. Muna zaune a Makera, cikin Kaduna, lokacin, ni da Inna, mahaifinmu ya riga ya rasu. Ina ɗinki a wani ɗan shago a ƙofar gida.

Yana da aboki ɗan Sabon Tasha, Kirista, tare aka ɗauke su, ɗakinsu ɗaya a bariki. In an ba su hutu a gidanmu suke cin tuwo, su wuce gidan su abokin su kwana. Ana saura 'yan watanni su gama, jirgin da yaron ya tashi da shi shi kaɗai ya faɗi a daji. Da mu aka binne shi.

Da aka sa ranar yaye su, Inna ta ce mu je mu gaya wa mahaifiyar yaron, kada ta ji a bakin wasu. Na ce anya ba fama mata ciwo za mu yi ba. Inna ta ce in ɗauko mayafina kawai. Muka same ta tana tsince wake a tsakar gida. Ta saurara har Inna ta gama, sannan ta ce za ta bi mu.

Ranar yayen, ta zo gidanmu da sassafe, sanye da zanen zumuntar matan cocinsu. Muka hau bas muka ƙetare gada har sansanin sojan sama.

An kafa rumfuna a bakin filin jirgi. Babban baƙon farar hula ne cikin babbar riga, manyan hafsoshi suna sara masa. Wani dattijo a bayanmu ya ce bai zaci zai sake ganin haka da ransa ba. Aka yi fareti da badujala. Kafin a fara kiran ɗalibai, wani hafsa ya ce kowa ya miƙe a yi shiru saboda ɗan'uwansu da ya rasu, ya ambaci sunansa. Matar ta miƙe tsaye ƙyam. Ba ta yi kuka ba. Na ga Inna ta lalubo wuyan hannunta ta riƙe, ba ta sake ba har aka kira ƙanena, aka maƙala masa alamar fukafukai a ƙirji. Da jirage suka wuce ta kanmu a jere, Inna ta sunkuyar da kai tana salati. Ita kuwa ta bi su da ido har suka ɓace.

Da aka sallame su ƙanena ya nufo mu, ya cire hula. Gaban matar ya fara durƙusawa, da kakinsa da komai. Ta sa yatsa ta taɓa fukafukan.

"Ashe ƙarami ne haka," ta ce. "Yadda yake ba ni labarinsa, na ɗauka ya kai tafin hannu."

Ta ɗora masa hannu a ka ta yi addu'a irin tasu, Inna tana amsawa da amin. Sannan ta ce, "Tashi, ɗana, za ka ɓata kayanka. Je ka gaida mahaifiyarka."

Mai hoto ya zo, ta ja baya ta ce na dangi ne. Inna ta jawo ta tsakiya.

Ba a daɗe ba aka tura shi aiki wani gari. Duk zuwan da zai yi Kaduna sai ya wuni a Sabon Tasha. Da ya tashi aure, mahaifiyar abokin nasa tana cikin matan da suka kai lefe, ita ta ɗauki akwatin farko.