Baƙin Ɗigo a Haƙarƙarin Alhaji

Ranar da Alhaji ya karɓi kwandon tumatir daga hannuna a kasuwar Abu Hamur na san akwai magana. Tun da muka zo Doha, aikinsa a cefane bai wuce tuƙi ba. Ya ajiye ni a bakin rumfuna, ya kwantar da kujera, ya ƙure sanyin mota, in na daɗe ya danna mini oda. Amma ran nan sai ga shi biye da ni rumfa-rumfa, yana tambayata ko albasar nan ta yi mini, har yana taya ni ciniki da Larabcinsa na wurin aiki, wanda bai wuce yalla da halas ba. Da ya ɗaga kwandon na ga ya cije leɓe ya dafe gefen ƙirjinsa, amma ya ƙi saukewa. Na ce a raina, ruwa ba ya tsami banza.

Ciwon gefen nan na san da shi. Ya ɗan jima yana damunsa, in ya yi tari ko dariya sai ya riƙe wurin. Ni na matsa masa ya je asibiti. Da likita ya ji cewa mahaifin Alhaji ciwon daji ne ya yi ajalinsa, kuma sai da ciwon ya shiga ƙashi, sai ya ce a yi masa hoton ƙashi na jiki gaba ɗaya don a kawar da shakka. Na raka shi ranar. Aka yi masa allura a hannu, aka ce ya yi ta shan ruwa kafin maganin ya bi jini ya zauna a ƙashi, sannan ya kwanta na'ura ta bi shi a hankali daga kai har ƙafa. Muka dawo gida. Na tambaye shi sakamako, ya ce sai ranar ganin likita. Abin da bai gaya mini ba shi ne asibitocin nan suna turo wa mutum sakamakonsa a waya tun kafin ranar ta zo.

Bayan kwandon tumatir sai kiran waya ya biyo baya. Yana dawowa daga aiki zai zauna a falo ya shiga kiran gida. Ya kira ƙaninsa da suka yi shekaru suna gaisuwar fatar baki saboda iyakar gona, ya ce ya bar masa gonar, ya kuma roƙe shi ya yafe masa. Ya kira tsohon maƙwabcinmu na Kano. Har wani da suka yi firamare tare ya nemo lambarsa, wai ya taɓa cinye masa ƙosai ya ɗora wa wani. Mutumin bai ma gane shi ba, amma ya yafe. Ina kicin ina jin komai, hannuna cikin kwaɓin fulawa. Bahaushe ba ya bin mutane ɗaya-ɗaya yana neman gafara sai in Makka za shi ko kuwa ya ji ƙamshin mutuwa, kuma Alhaji bai daɗe da dawowa daga Umra ba.

Wata Juma'a bayan la'asar, yara sun tafi gidan ƙawayensu, ya kira ni da murya irin ta masu raba gado.

"Hajiya, zo ki zauna. Ki yi haƙuri da abin da zan nuna miki, ki sa tawakkali."

Ya miƙo mini wayarsa. Ƙwarangwal ne guda biyu a tsaye, gaba da baya, launin toka, ƙanana kamar 'yar tsana. A jikinsu akwai ɗige-ɗige baƙi. Wasu a haƙarƙarin dama, wasu a gwiwoyi, ɗaya a gwiwar hannu, sai wani ƙato baƙi wuluk a ƙasan mara.

"Kin gani? Irin na Baba ne. Ya bazu."

Sai in gaya muku aikin Alhaji. Injiniya ne a kamfanin iskar gas, kuma abin da yake ci da shi ke nan, duba hoton bututu. A ɗauki hoton wurin da aka yi walda, a kawo masa, ya ɗaga shi a haske. In ya ga baƙin tabo, magana ta ƙare, bututun ya lalace, a yanke. Shekara da shekaru yana yanke wa ƙarfe hukunci babu mai ɗaukaka ƙara. To shi ne ya zauna ya duba nasa hoton da wannan idon. Har ya buga shi a takarda a ofis, ya zagaye kowane ɗigo da jan biro, ya auna faɗinsa da rula. Bayanin da masu hoton suka rubuta a ƙasa ya ce a haɗa abin da aka gani da tarihin majiyyaci, amma Alhaji ya ce wannan lallashi ne irin na likitoci.

Ya shiga wasiyya. Kada a binne shi a nan, a kai shi gida kusa da mahaifinsa. Yara su ƙarasa zangon karatunsu kafin mu tattara, tunda zamanmu a ƙasar nan a kan takardar aikinsa yake. Ina jinsa, idona a kan ƙwarangwal ɗin. Na ga surukina a ƙarshen kwanakinsa, yadda ko juya shi za a yi sai ya yi salati don zafi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

Sannan ya zo kan abin da ya tara mu.

"Kowa na nema ya yafe mini, ke na bari ƙarshe don naki ya fi yawa. Hajiya, ki yafe mini."

Na mayar masa da wayarsa. Ba wai ina riƙe da shi da wani abu ba ne. Gani na yi in na ce na yafe, kamar na sa hannu ne a kan tafiyarsa, na miƙa masa jakarsa na raka shi bakin ƙofa.

"Ban yafe ba," na ce.

Ya zaro ido. "Hajiya, mutuwa fa ake magana."

"Na ji. Sai mun ga likita. Kai likitan bututu ne."

Na tashi na shiga banɗaki na buɗe famfo, na yi kukana a nan don kada ya ji.

Ranar ganin likita na ce ƙafata ƙafarsa. Likitan wani dattijo ne ɗan Sudan, mai furfura da tabarau a kan karan hanci, ba ya gaggawar magana. Alhaji ya zaro takardarsa mai jan biro ya shimfiɗa masa a tebur. Likita ya duba zagayen, ya duba Alhaji, ya ce aikin ya yi tsabta. Sannan ya ɗora yatsa a kan ƙaton baƙin nan na ƙasan mara, wanda Alhaji ya ja wa layi biyu.

"Wannan mafitsara ce. Maganin da aka sa maka ta fitsari yake fita, nan yake taruwa. Kowa haka nasa yake, har ni."

Na gwiwar hannu kuma, ya ce, nan ne aka soka allurar. Na gwiwoyi shekaru ne da nauyin jiki, ya faɗi haka yana kallon tumbin Alhaji. Ya yi mana bayani cewa hoton nan ba ya faɗin sunan cuta. Abin da yake nunawa shi ne wurin da ƙashi yake aiki, yana gyara kansa. Ciwon daji yana sa haka, gaskiya ne, amma karaya ma tana sawa, da amosanin gaɓɓai, da ƙwayar cuta in ta shiga ƙashi. Shi ya sa ba a karanta shi shi kaɗai.

Da ya zo kan haƙarƙari sai ya daina murmushi. Ya ce waɗannan ne yake son ya fahimta. Ya tambayi Alhaji ko ya yi hatsarin mota, ko ya faɗi, ko wani abu ya buge shi a wurin aiki. Alhaji ya ce ko kusa, kamar yadda ya gaya masa tun zuwan farko.

Ina kallon ɗigon nan a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya kamar maɓallan riga, sai Umra ta faɗo mini. Alhaji ya dawo daga ita yana cika baki cewa ya sumbaci Hajarul Aswad. Duk wanda ya zo yi masa barka sai ya ji yadda ya kutsa tsakanin wasu ƙarti, aka matse shi da bango har ya ga taurari, amma bai saki ba sai da ya kai bakinsa. Tun daga ranar yake kwana a gefe ɗaya. Na yi magana a lokacin, ya ce wahalar ibada ba a kai ƙararta, ladan raguwa yake yi.

"Likita," na ce, "tambaye shi yadda ya sumbaci Hajarul Aswad."

Alhaji ya harare ni. "Wannan ai ba hatsari ba ne, Hajiya. Ibada ce."

Likita ya cire tabarau ya yi dariya har da goge ido. Ya ce haƙarƙari bai san bambanci ba. Ya nuna mana yadda ɗigon suka bi layi ɗaya a ƙasusuwan da ke maƙwabtaka, ya ce haka matsa ko bugu yake bari, shi kuwa ciwon daji ya fi yin warwatse ba tsari. Duk da haka bai sallame mu da baki kawai ba. Ya ce saboda tarihin mahaifinsa sai an yi wani hoton na ƙirji da gwajin jini an tabbatar. Muka sake jira, kuma jiran nan bai yi mini daɗi ba ko kaɗan. Da sakamakon ya fito na ƙwace wayar, na ce ba mai buɗewa sai a gaban likita. Karaya ce, tana ma haɗewa. Jinin kuma lafiya lau.

A hanyarmu ta komawa gida unguwar Rayyan hamdala muke ta yi. Can na tambaye shi ko zai kira ƙaninsa ya karɓi gonarsa. Ya ce kyauta ba ta dawowa, amma yadda ya faɗa ɗin na san abin yana masa ciwo fiye da haƙarƙarin. Na yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan kuma suka ƙi tsayawa.

Da muka tsaya a danja ya juyo ya dube ni.

"To Hajiya, yanzu mun ga likita. Yafiyar nan fa?"

Na goge fuskata da gefen mayafi. Tun ranar Juma'ar nan na gaya wa Allah a sujada cewa babu komai tsakanina da bawan nan nasa sai alheri, ko da zai ɗauke shi a ranar. Amma wannan tsakanina da Ubangijina ne.

"Tana nan na ajiye maka," na ce. "In ka tsufa tukuf, ka ga auren jikokinka, ka zo ka karɓa."

Ya yi ta kallona har danja ta ba da hannu, na bayanmu suka shiga danna oda. Har yau bai karɓa ba, kuma kullum ina roƙon Allah kada ya zo nema da wuri.