Rawanin Labule da Ƙuri'ar Maman Dauda

Ni ɗan mai gyaran keke ne. Na fara da wannan don ita ce gaskiyar da na fi daɗewa ban faɗa ba. Ubana yana da rumfa a Tudun Wadan Zariya, ya yi ta liƙe tayoyin mutane har ya ga na gama jami'a, na samu gurbin ƙaro karatu a garin Greensboro na Amurka a farkon shekarun casa'in. Da rana ina aji, da yamma ina ɗaukar kwali a wani sito a titin Wendover. A lokacin ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Samari da 'yan mata, ku ba ni kunnuwanku, ku ji yadda mutum ke lalacewa yana murmushi.

Abin ya faro daga babbar riga. An shirya wa ɗalibai baƙi walima, na sa rigata ɗaya tilo mai aska biyu, sai wata tsohuwar Baturiya ta shafa aikin ta tambaye ni ko ni ɗan sarki ne. Da na ce a'a da an wuce wurin. Sai na yi ƙasa da kai, na ce ai ba ma son faɗa. Kafin a tashi an matsar da ni babban tebur. Daga ranar na zama Yarima. Makarantu suka riƙa gayyatata in ba yara labarin fadar ubana, fadar da ba ta wuce rumfar kwano da famfon iska ba. Daga nan na ƙirƙiro gidauniyar haƙa rijiyoyi a ƙauyukanmu. Masu coci suka bayar, masu masallaci suka bayar. Rijiya kam ko rami ban haƙa ba, amma na sayi mota, na watsar da karatu, na auri wata 'yar ƙasar har na samu takardar zama ɗan ƙasa, sannan auren ya mutu.

Wani dattijo da ya ba da gudummawa ya nace sai ya ga hoton rijiyarsa, da ya gaji ya kai ƙara. Wajen neman mai kare ni na haɗu da mutumin da zan kira Lauya, don sunansa bai cancanci bakina ba. Ya karanta takarduna ya yi dariya, ya ce, "Yarima, ni da kai sana'armu ɗaya, bambancin kawai ni ina da lasisi." Ya san alƙali, ya san wanda ya san dattijon, magana ta mutu a ofis. Kar ta san kar.

Ba a jima ba sai ga fuskarsa a fosta ko'ina, wai yana takarar babban mai gabatar da ƙara na gunduma, wato wanda ke yanke shawarar wa za a gurfanar a kotu, wa za a ƙyale. Ku zo ku ji tarihin da ya tsara wa kansa. Wai ɗan manomin taba ne daga Summerfield, wai da ƙafa ba takalmi ya je makaranta, wai tun yana yaro ya tsani zalunci. Gonar taba kam akwai ta, ta kakansa ce, amma wasu ne suka yi ta sunkuyo a cikinta. Shi gidansa na Sedgefield, unguwar masu kuɗi, tagar ɗakin cin abincinsa na kallon filin wasan gwaf na attajirai. Duk rayuwarsa ta aiki ya yi ta ne yana fitar da 'ya'yan masu kuɗi da suka tuƙa mota a buge, da mazambata irina. Yanzu ya ajiye kwat, ya sa rigar leburori, ya ari wata tsohuwar a-kori-kura yana zagaya unguwanni, yana rantsuwa zai share gari daga ɓarayi. Na ga fostar na yi tsaki, sannan na ɗauki waya na kira shi, don ni ma ba mutumin kirki ba ne.

Na ce masa duk 'yan Afirkan garin nan a tafin hannuna suke, kuma a al'adarmu ba ma bin mutum sai mun naɗa shi sarauta. Idonsa ya yi ƙyalli. Na kama zauren taro na rukunin gidajen da nake haya, na sa aka dafa shinkafa da kaji, na gayyaci mutane da sunan walimar zumunci. Rawani bai samu ba, sai na shiga kanti na sayi farin yadin labule. Da shi na naɗa masa, na ce daga yau shi ne Garkuwan Baƙi. Ya zauna yana gumi, kai kamar kabewa, yana ɗaga hannu yadda na koya masa. Manyan 'yan bokonmu, masu digiri bisa digiri, suna gefe suna ƙunshe dariya. Sun san ƙarya ce tun daga hula har takalmi, amma ba wanda ya ce uffan. Suka cinye kaji, suka shiga hoto, suka goge baki.

Bayan kwana biyu Lauya ya kira ni. Ya ce hotuna sun yi kyau, amma hoto ba ya jefa ƙuri'a, yana so ya ga mutanena a rajistar masu zaɓe, kuma idan ya ci akwai kujerar mai ba da shawara kan baƙi. Na ce yawancinsu fa ba 'yan ƙasa ba ne. Ya ce, "Ban ji abin da ka ce ba, Yarima. Layin ba kyau."

Na shiga gida gida. 'Yan bokon nan duk suka zille, wannan ya ce yana da jarrabawa, wancan ya ce sai ya yi shawara. Sun san doka sarai: wanda ba ɗan ƙasa ba idan ya yi zaɓe ya kashe kansa da kansa. Amma ko ɗayansu bai ɗaga waya ya gargaɗi na ƙasa da shi ba. Waɗanda suka faɗa hannuna su ne masu ganin girmana da gaske.

Cikinsu akwai Maman Dauda, wata mata 'yar Kafanchan, mijinta ya rasu ya bar ta da yara biyu da aka haifa a nan. Aikinta kula da tsofaffi a gidan jinya. Tana da girin kad, wato katin izinin zama na dindindin, tana jiran a kira ta ganawar zama 'yar ƙasa, kullum tana haddar tambayoyin a bas. Ta shimfiɗa mini darduma duk da ita Kirista ce, ta kawo mini kunun gyaɗa. Da na fito da maganar ta ce, "Ranka ya daɗe, ni da ban yi rantsuwa ba tukuna, ya halatta?" Na ce zaɓen shugaban ƙasa ne aka hana mai girin kad, na gunduma kuwa har lada ake ba mutum, zai ma nuna ita 'yar ƙasa tagari ce. Ta ce, "To, tunda kai ka faɗa." Na san ƙarya nake yi. Na shanye kunun har ƙasan kofi.

Ranar zaɓe ni na kai ta a motata, ta ci ado kamar za ta coci. Lauya ya ci. Na yi ta kiran ofishinsa kan maganar kujera, kullum yana taro.

Da aka kira Maman Dauda ganawa, jami'in ya tambaye ta ko ta taɓa yin zaɓe a ƙasar nan. Baiwar Allah ta gyara zama ta ce ƙwarai kuwa, har ta faɗi wanda ta zaɓa da wanda ya kai ta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Jarida ta samu labari, ta buga hoton Lauya da rawaninsa. A ranar ya tara 'yan jarida, ya ce wani ɗan damfara ya ci amanarsa, ya yaudari bayin Allah, kuma doka ba ta san aboki ba. Ofishinsa ya tono har maganar rijiyoyi, wadda shi da hannunsa ya binne. A kotu ko inda nake bai kalla ba. Na so in tona shi, amma me zan nuna? Bai taɓa sa hannu a komai ba, kuma wa zai yarda da Yariman ƙarya?

Na yi shekaru a kurkuku ina wanke tukwane. Ba wanda ya zo duba ni sai faston su Maman Dauda, shi ma ba don ƙauna ba. Ya zauna bayan gilashi ya ce ya zo ne in ji da kunnena: an ƙwace katinta, an sa ta a jirgi an mayar da ita gida. Yaran ta bar su a gidansa, don ba ta so su rasa makaranta. Ya ce har a filin jirgi tana tambaya ko dai Yarima bai fahimci dokar ba ne. Wallahi da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Na koma ɗaki na yi kuka irin wanda ban yi ba ko da labarin rasuwar ubana ya iso ni.

Da aka sake ni ba wanda ya kore ni daga ƙasar, tunda ni ɗan ƙasa ne. Ku duba wannan abin kunya: ɓarawo ya zauna, mai gaskiya ta tafi. Lauya yana nan kan kujerarsa, ya ƙara ƙiba. Na tuba ga Allah, na samu aikin share wani kanti, na nemi faston ya haɗa ni da Dauda. Yaron ya zama saurayi. Na durƙusa a gabansa na roƙi gafara da Hausa. Ya bar ni har na gama, sannan ya amsa da Turanci, a hankali, ya ce ƙanwarsa ta daina gane muryar uwarsu a waya, in je in nemi gafarar wannan yarinyar. Ya juya ya shiga gida.

To, ku da kuke tasowa, kada ku raina ƙaramar ƙaryar da ke sa a matsar da ku babban tebur. Idan mai neman kujera ya rungume ku, ku tambayi kanku wa zai kwana a ciki in abu ya ɓaci, don ba shi ba ne. Idan kun ga ana yaudarar wani kuna da sani, ku buɗe baki, kada ku ci kaza ku yi shiru. Kuma duk wanda ya yarda da ku don yana ganin girmanku, ku ji tsoron Allah a kansa. Ni na gama zaman kurkukuna na fito. Maman Dauda har yau tana Kafanchan, 'ya'yanta suna nan, kuma ni na raba su.